Zagin da Ya Tsare Gari

A zamanin da, an yi waɗansu birane biyu masu shan ruwan kogi ɗaya, Tudu da Kwari. Sun yi yaƙi a kan mashaya, sun shirya, sun sake ɓatawa a kan hanyar fatake, har makabarta ta fi kasuwa cika. Da kakanni suka gaji, sai suka ƙulla wasa tsakaninsu: kowace kaka manzo zai je fadar maƙwabta ya zagi Sarki a gaban jama'a, a yi dariya, a ba shi goro.

Ana nan sai Jatau ya hau gadon Tudu, mutum mai zafin zuciya. Manzon Kwari, wani tsoho mai suna Cindo, ya shigo fada ko durƙusawa bai yi ba, ya ce, "Kai Jatau, jikan ɓarayin awaki, wa ya ara maka rawani?"

Sarki ya ce a yanke masa harshe.

Waziri Nomau ya faɗi ya ce, "Allah ya ba ka nasara, zagin nan ya fi ganuwa tsare mu."

Sarki bai ji ba. Aka yanke.

Da kaka ta kewayo, wani manzo ya zo ya cire takalmi tun daga ƙofa, ya yi gaisuwa cikin ladabi. Fadawa suka ce, "Kwari ta ji tsoro!" Waziri kuwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Sun daina wasa da mu. Ku kai mata da yara bayan dutse."

Kafin a gama sussuka mayaƙan Kwari suka ƙone rumbunan Tudu. Gawa ta hana shan kogi. Masu zaɓen sarki suka tuɓe Jatau, suka kore shi daji, amma Kwari ba ta janye mayaƙanta ba.

Sai Waziri ya haye kogi shi kaɗai, ya tsaya gaban Arzika, Sarkin Kwari, wanda ɗansa ya mutu a yaƙin. Dogarai suka zare takubba. Waziri ya ce, "Arzika, mai ƙaton ciki, har yanzu kwaɗi kuke ci a garin nan?"

Arzika ya daɗe yana dubansa, hawaye na bin gemunsa. Can ya ce, "Tsohon banza. Da yunwa ta koro ka, ba sai ka faɗa ba? Ku ba shi goro."

Ranar aka mai da takubba kube. Ba wanda ya yi dariya.