La'adar Da Ya Ɓoye Wa Goggonsa

An yi wani mutum a nan unguwar Kilomita Biyar ta Bangi, kuma ba a zamanin kakanni ba, kwanan nan ne. Ba zan kama sunansa ba, don uwarsa tana da rai kuma mutuniyar kirki ce. Wadda ta gane shi ta yi shiru. Wadda ba ta gane shi ba, kada ta zunguri ta kusa da ita tana tambaya, ba gulma ta tara mu ba.

Gyaran waya yake yi, yana da 'yar rumfa a bakin kasuwa. Kowa ya yarda da shi. Tsohuwa ta sami saƙo da Faransanci, shi za ta kai wa ya karanta mata. Ɗan kasuwa zai sayi waya, sai ya fara biyowa ta wajensa. A gurup ɗin waya na masallaci da na unguwa, in ya ce abu kaza mai kyau ne, an gama magana. Wannan yardar ita ce dukiyarsa, ya 'yan uwa, ba rumfar ba. Rumfar kwano huɗu ce da benci.

Sai wani kamfani mai sayar da kaya ta waya ya ɗauke shi talla. Ma'ajiyar kayansu tana Duwala ta Kamaru, manyansu suna can Turai. Suka ba shi liyan, wato rubutun nan mai shuɗi da ake latsawa ya kai ki inda kayan suke. Duk wanda ya latsa nasa ya saya, sai a ware masa la'ada. Shi ke nan aikin.

Haram ne? Ko kusa. Dillanci ne, kuma da dillanci aka ciyar da rabin matan da ke zaune a nan. Iyayenmu sun yi na shanu, sun yi na goro, sun yi na gidaje. Amma dillalin kasuwa ba ya ɓuya. Yana tsaye a tsakiya, mai saye ya san shi, mai sayarwa ya san shi, la'adarsa a gaban kowa ake miƙa masa. In ya ce miki saniyar nan ba irinta, kin san akwai nasa a ciki, sai ki buɗe bakinta da kanki ki duba haƙora.

To su ma masu kamfanin haka suka ce masa. Suka turo masa 'yar magana guda, suka ce ya riƙa ɗora ta a saman kowane saƙo, inda ido zai fara sauka: wannan talla ce, in ka saya ta nan ina da la'ada. Suka gaya masa doka ce a ƙasarsu, wanda ya ɓoye ana kama shi da laifi, su ma ana iya kama su. Ku ji fa. Mutanen da ba sa alwala sun san a faɗa wa mai saye gaskiya.

Shi kuma mai sahun gaba a masallaci me ya yi? Ya goge ta. A wurin da take ya rubuta: saboda Allah nake ba ku shawara.

Saboda Allah! Ya cire gaskiya ya liƙa sunan Allah a gurbinta. Kun san dalili? Ya lura in mutane sun ga talla ce, sai su tsaya, su tambayi wani, su zagaya kasuwa su gwada. In kuwa sun ɗauka ɗan uwa ne ke nasiha, latsawa kawai suke yi. Fitila, tukunyar wuta, agogon gwada hawan jini, maganin ƙiba, duk yabo yake, duk ya ce ya gwada. Ko kwalinsu bai taɓa riƙewa ba.

Yana da goggo, ƙanwar ubansa ciki ɗaya, Iyatu, tana zaune a unguwar Yakite. Mijinta ya rasu. Zoɓo da ƙanƙara take ƙullawa a leda tana sayarwa, da shi take ci, da shi take riƙe jikokinta. Kun san halin wutarmu, ta zo yanzu ta tafi yanzu. Azumi ya gabato, lokacin cinikinta ke nan, sai ta yi niyyar sayen batirin sola don ƙanƙarar firijonta ta daina narkewa. Ta ɗauki adashinta. Da ma shagon Nasidi ta nufa a cikin kasuwa, inda in kaya ya ɓaci za ki mayar, ki zauna masa a ƙofa har ya canza miki. Amma ta ce bari ta fara tambayar ɗan wanta, tunda shi ya san kan waɗannan abubuwa.

Ya hana ta zuwa kasuwa. Ya ce na Nasidi tsohon yayi ne, ga wani ya fi ƙarfi ya fi arha, ta kawo wayarta ya tura mata saƙon ya latsa mata. Ta ce ita dai abin da ba ta taɓa da hannu ba tsoronsa take.

Ya ce, "Haba Goggo. Irinsa ne a ɗakina, da shi muke kwana ni da Husna. Zan ba ki abin da ban yarda da shi ba?"

Husna matarsa ce, lokacin tana da tsohon ciki. Jin haka Iyatu ta saki jiki. Har albarka ta sa masa, ta ce singila, wato na gode, Allah ya ba ka masu yi maka.

Kaya ya iso a motar Duwala, aka haɗa mata. Ba a daɗe ba batirin ya fara zafi, cikinsa ya kumbura, yana wani wari kamar ana ƙona roba. Ta kira shi ta gaya masa. Ya ce sabo haka yake yi, zai daina. Ina ya sani? Wa ya gaya masa? Ya ji tsoro ne kada ya ce ban sani ba asirinsa ya tonu, sai ya ƙara ƙarya a kan ƙarya, ya bar tsohuwa da wuta a ɗaki.

Wata rana cikin azumi, bayan azahar, tana tsakar gida tana ƙulla zoɓo, jikanta yana barci a ciki, sai ga hayaƙi ta taga. Ta faɗa ɗakin. Batirin yana ci, tabarmar yaron tana gab da shi. Ta sa hannun dama ta ture shi, ta sunkuci yaron da hagu. Yaro ya fita lafiya. Firijo ya ƙone, rufin ɗaki ya ƙone, hannunta ya soye har gwiwa.

Ya zo jaje da 'yan lemo a leda. Ya zauna ya sunkuyar da kai, ya ce ƙaddara ce, wataƙila wanda ya haɗa wayoyin ne ya yi kuskure, don nasa ga shi nan lafiya lau. Yana kallon hannun yana faɗin haka. Ni wannan ce ta fi ƙona min rai a duk labarin. Allah ya buɗe masa ƙofar tuba a ranar, ya sa ƙafa ya rufe.

Bayan sallah Husna ta haihu, namiji. Ranar suna gida ya cika. Maza dai a waje suke tsayawa, a yi addu'a a raba goro su watse. Mu kuwa mata har ƙuryar ɗaki, ba lungun da ba ma shiga. Wannan ne bai lissafa ba. Iyatu ta zo da hannunta a naɗe, don ba ta yarda a ce ta yanke zumunci ba. Ta karɓi jariri da hagu ta yi masa addu'a, sannan ta ce wa mai jego ta nuna mata nasu batirin, ta ga yadda aka haɗa shi, ko ta gane inda aka kuskure a nata. Har lokacin kanta take zargi, baiwar Allah.

Husna ta ɗaga labule ta nuna. Batiri ne wani daban, ga tambarin shagon Nasidi a jikinsa. Yarinyar ba ta san komai ba, ba ta san ta hannun mijinta aka sayi na Goggo ba.

Ta ce, "Ai Goggo, waɗancan na cikin waya ba ya kawo su gida. Ya ce na talla ne, in an saya ake turo masa kasonsa. Na gida sai ya je kasuwa ya gani da idonsa."

Iyatu ta miƙa jaririn a hankali, ta nemi takalmanta, ta fita. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Kafin a sauke naman suna, maganar ta kai kasuwa.

Ɗanta Uwaisu, mai tuƙa moto, wato babur, ya ɗauki hoton saƙon da aka tura wa uwarsa da hoton batirin da ya ƙone, ya aika wa kamfanin. Maganar batiri suka yi ta ja masa rai. Amma da suka ga ba maganar talla a saman saƙon, nan take suka rufe liyan ɗin mutumin, suka riƙe la'adar da ya tara, suka ce ya karya sharaɗi.

Dattawa suka kira shi masallaci. Kuna tsammanin ya ba da haƙuri? Gardama ya kawo. Wai bai ƙara mata ko dala a kan farashi ba, kamfani ne ke biyansa ba ita ba. Wai dokar ta Turai ce, nan Bangi ne. Liman ya bar shi ya gama, sannan ya tuna masa faɗar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa wanda aka nemi shawararsa an ba shi amana ne. Ya ce masa Goggonka ba wajen dillali ta zo ba, wajen ɗanta ta zo, kai kuma ka karɓe ta da rigar ɗa alhali dillali ne a ciki. Ya tashi yana gunaguni, wai ana masa hassada.

Ba wanda ya kore shi daga gurup. Daina buɗe saƙonsa aka yi kawai. Rumfa ta yi sanyi. Wa zai bar wayarsa, da sirrinsa a ciki, a hannun wanda ya yi wa ƙanwar ubansa haka?

Ana nan sai jaririn ya kamu da zazzaɓi mai tsanani, jininsa ya ƙare, asibiti suka ce a kawo mai ba da jini da gaggawa. Nasa bai dace ba, Husna kuma ba ta da ƙarfi. Ya rubuta a gurup ɗin masallaci, ya rubuta a na unguwa, yana roƙo don Allah. Wannan karon da gaske yake. Akasari ba su ko buɗe ba. Wani da ya buɗe ya amsa masa: wannan kuma nawa ne la'adar?

Kun ga inda abin ya kai? Ya sayar da kalmar "don Allah" har ta ƙare, ranar da ɗansa ke buƙatarta babu saura.

Ya fito yana gudu cikin rana, shago shago, ana ce masa ana zuwa. Ƙarshe ƙafarsa ta kai shi Yakite. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin da har yanzu bangonsa baƙi ne. Iyatu ta saurare shi, ta juya ta kira ɗanta.

Ta ce, "Uwaisu, hau moto ka je ka ba da jini, yaron nan bai yi mana komai ba." Sannan ta dubi ɗan wanta. "Kai kuwa, daga yau ko sallama ka yi min, sai na tambaye ka wa ya biya ka."

Yaro ya rayu, da ƙyar. Daga asibiti Husna gidan iyayenta ta wuce da shi, ba ta koma ba. Rumfar wani ne a cikinta yanzu. Shi yana can inda motocin Kamaru ke sauke kaya, yana ɗaukar buhu a ka. Iyatu kuma yatsunta ba sa lanƙwasawa, ba ta iya ƙulla leda, maƙwabta ke taya ta. Duk a kan magana guda da ba ta kai tsawon yatsa ba.

Ya 'yan uwa, kada ku ce wannan na maza ne. Ina ganin wayoyinku. Mai tura atamfa, mai tura turare, mai tura man shafawa, mai cewa je wurin tela wane na san shi, alhali duk wadda ta je akwai kasonki. Ki ci kasonki, halalinki ne. Amma ki faɗa, tun a farko, da babbar murya, ba can ƙasa inda ba mai gani ba. Abin da ba ki gwada ba, ki ce ban gwada ba. Me zai ragu a jikinki? Ciniki ɗaya ko biyu? Ya fi hannun goggonki?

Ku tambayi 'ya'yanku masu wuni da kai a cikin waya, kuɗin nan da ke shigo musu daga ina, kuma waɗanda suke tura wa sun sani? Kada ki karɓi cefane ki yi shiru. In kuma ke aka turo wa, ki tambaya ba kunya: kana da kaso, kuma ka taɓa riƙe shi da hannunka? Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Ya Allah ka tsarkake mana abin da muke ci da abin da muke ciyar da yara. Ka ba Iyatu lafiyar hannunta, shi kuma ka ba shi tuba kafin ya gamu da kai. Allah ya kiyaye mu da cin amanar wanda ya yarda da mu, ya kiyaye bakinmu da ambaton sunansa a kan ƙarya. Amin.