Godiyar da Koci Khalfan Bai Cancanta Ba

Akwai wani matashi a unguwarmu ta Matrah, nan Maskat, mai suna Mehrab, ɗan wani tsohon masunci da ake kira Dilmurad. Duk mai bin wasan kurket, wasan ƙwallo da sanda, a Oman ya san Mehrab, kuma kusan kowa ya taɓa yi masa tsaki.

Ranar da wasa ya karɓe shi, har direbobin tasi sukan tsaya bakin titi suna leƙen fili. Zai tara maki tamanin ko casa'in, yana aika ƙwallo bayan fili kamar mai korar ƙuda. Mako na gaba kuma ƙwallon farko za ta wuce shi ta zubar da sandunan da yake karewa, ya fito kai a sunkuye, ko maki ɗaya babu.

Shugaban masu zaɓen 'yan wasan ƙasa a lokacin wani dattijo ne, Khalfan, wanda kowa ke kira Koci. Mutum ne mai gaskiya, amma harshensa da kaifi. Shi ya taɓa cewa a gaban jama'a, "Mehrab ai ruwan saman Maskat ne. In ya sauko kowa ya fito kallo, daga nan kuma sai baɗi."

Aka yi dariya, Mehrab kuwa yana wurin.

Sai ga babbar gasa ta taso a Kathmandu ta ƙasar Nepal, mutum goma sha biyar za a tafi da su. A watan nan sau biyar Mehrab bai zo atisayen safe ba, ranakun da ya zo ma a makare. Khalfan ya soke sunansa.

Matar Khalfan, Shamsa, ta ga takardar sunayen a kan tebur. Ta ce, "Baban Talal, yaron da ka sani tun yana buga ƙwallon roba a bakin teku, shi za ka bari ya ji a bakin mutane? Ka je ka faɗa masa ido da ido."

"Rago ne, Shamsa. Allah ya ba shi baiwa, shi kuma yana barci a kanta."

"To, ko ragon ne, ka je."

Ranar Talata bayan Azahar Khalfan ya ajiye mota, ya bi lungunan bayan kasuwa da ƙafa. Gidan su Mehrab yana can saman tudu, sai an hau matakala masu yawa. Yana karyo kwana ya tsaya cak.

Mehrab ne a gabansa, goye da mahaifinsa, yana hawa a hankali, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Hannun tsohon na hagu a naɗe yake da auduga da filasta.

Tsohon ne ya fara waigowa. "A'a! Koci da kansa? Mehrab, sauke ni, kar babban baƙo ya gan ni kamar buhun shinkafa."

Suka shiga ɗakin baƙi. Mehrab ya kawo gahawa da dabino, idonsa a ƙasa.

"Akwai labari?" in ji Dilmurad.

"Babu, sai alheri," Khalfan ya amsa, kamar yadda aka saba.

Tsohon ya gyara zama da ƙyar. "Na daɗe ina son ganinka in yi maka godiya. Ƙodata ta daina aiki, sau uku a mako ake wanke min jini a asibiti. Uwar Mehrab ta rasu, 'yan'uwansa mata suna aure can garin Sohar. Shi ke kai ni, shi ke zaman awa huɗu, shi ke goyo ni, sannan ya wuce aiki tashar jiragen ruwa. Ya ce min kai ka ba shi izini, wai ka ce uba ya fi ƙwallo. Allah ya saka maka, Allah ya jiƙan mahaifanka."

Khalfan ya dubi Mehrab, Mehrab ya dubi tabarma.

"Amin, Baba," in ji Khalfan.

Da ya tashi tafiya, Mehrab ya rako shi. Sai da suka sauka matakala goma kafin Khalfan ya yi magana.

"Tun yaushe?"

"Shekara ɗaya da wata bakwai, Koci."

"Me ya hana ka faɗa min?"

"Baba ya rantse in ya ji ciwonsa ya hana ni wasa, zai daina zuwa asibiti. Ku kuma da na faɗa, cewa za ku yi in huta sai ya warke. Wannan ba ciwon warkewa ba ne." Ya share gumi da bayan hannu. "Na san abin da ya kawo ka, kuma ba komai. Ko kun sa sunana, wa zan bar wa shi har mako uku? Roƙona ɗaya, kar ya ji cewa cire ni aka yi."

Khalfan ya kalli teku ta tsakanin gidaje. Sannan ya ce, "Ƙarfe nawa ake tafiya asibitin?"

"Shida na safe."

Ranar Alhamis, shida saura kwata, motarsa na bakin lungu. Ya samo maƙwabta biyu, mai gasa burodi da wani mai gyaran injin kwale-kwale, suka sauko da tsohon a kan kujera. Duk unguwar ta san Dilmurad ba shi da lafiya, amma ba wanda Mehrab ya taɓa bari ya taya shi.

"Kai kuma ka wuce fili," Khalfan ya ce masa. "In ka makara yau, ba ka da hujja."

A taron masu zaɓe Khalfan ya mayar da sunan Mehrab. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Haba Koci, kai da bakinka ka ce ba a dogara da shi."

"Ni na faɗa, kuma na yi kuskure. Mun daɗe muna auna gudun mutum ba mu duba kayan da ke kansa ba. Zai tafi. Ni ne ba zan je ba, ina da aiki a nan."

Shekara talatin Khalfan yana hidimar wasan nan, kuma wannan ce gasa mafi girma da ta taɓa zo masa. Ya bar kujerarsa a jirgi, ya koma kan kujerar roba a gefen gadon asibiti.

A can suka saba da Dilmurad. Wata safiya, injin yana ta juya jini, Khalfan ya ce, "Baba, akwai abin da ke ci min rai. Ranar da na zo gidanka, ba gaisuwa ta kawo ni ba. Cire ɗanka na zo yi. Izinin da ka gode min a kai ban taɓa bayarwa ba."

Tsohon ya yi dariya har da tari. "Kai Khalfan! Shekara arba'in ina duban fuskar teku in san abin da za ta yi, taka ce za ta gagare ni? Na san yaron ƙarya yake min don ya kwantar min da hankali. Godiyar nan da gangan na yi ta. Na ce in mutumin kirki ne, zai ji nauyi ya cika ta."

Khalfan ya rufe fuska da tafin hannu, shi ba dariya ba, shi ba kuka ba.

Aka fara gasa. Wasan farko Mehrab ya fita da maki uku. Na biyu, ko ɗaya bai samu ba. Wayar Khalfan ba ta huta ba, kowa da abin da yake faɗa. Har kyaftin ɗin ƙungiyar ya kira daga can, ya ce ko a ajiye Mehrab a benci.

"Ku bar shi," in ji Khalfan. "Mutumin da ya daɗe da kaya a ka, ko an sauke masa sai wuyansa ya ɗauki kwanaki kafin ya miƙe."

Da yamma Mehrab ya kira Khalfan, tambayarsa ɗaya, jikin Baba. Dilmurad ya karɓe wayar.

"Kai, sau nawa za ka tambaya a rana? Lafiyata lau. Damuwata ɗaya wannan kocin naka, likita ya hana ni dabino, shi kuma ya zauna yana ci a gabana. Ka daina kallon waya, ka kalli ƙwallo!"

Daga can aka ji Mehrab yana dariya, irin wadda aka daɗe ba a ji daga gare shi ba.

Wasa na uku, in aka sha kashi sai gida. Ya faɗo ranar wankin ƙoda. Khalfan ya jingina waya da kwalbar ruwa, tsofaffin biyu suka haɗa kai. An riga an fitar da 'yan wasan Oman huɗu, ga maki sama da ɗari ana nema, lokacin da Mehrab ya shigo.

Bai yi gaggawa ba. Ya tare ƙwallon farko, ya tare ta biyu. Ta biyar ya ɗaga ta can cikin 'yan kallo.

Dilmurad ya ɗaga hannu zai yi ihu. Malamar jinya, Sista Lincy, ta rugo da gudu. "Baba, hannun! Akwai allura a jiki!"

"'Yata, ɗana ne wancan!"

"Na sani, Baba, duk ɗakin nan ya sani. Ɗaga ɗaya hannun."

Kafin a gama, marasa lafiyar gadajen kusa duk sun juyo, masu jinya biyu sun tsaya a bayan Khalfan. Mehrab ya tara maki tamanin da bakwai ba a fitar da shi ba, kuma shi ya buga ƙwallon da ta kawo nasara.

Tsohon ya mayar da kansa kan matashi, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Khalfan, kashe wayar. Na gani."

Ba zan ce muku daga ranar Mehrab ya daina faɗuwa ba. Har yau akwai ranar da yake fita ba maki, haka wasan yake. Amma ya zama ginshiƙin ƙungiyar ƙasa, kuma ba a sake jin Khalfan ya yanke wa wani ɗan wasa hukunci ba tare da ya taka har gidansu ba.

Dilmurad ya ƙara shekara ɗaya da 'yan watanni a duniya. Ko sau ɗaya motar Khalfan ba ta fasa zuwa bakin lungu ba. Ranar zaman makoki a masallacin unguwa, da Khalfan ya shigo zai bi layin masu ta'aziyya, Mehrab ya tashi ya kamo hannunsa, ya zaunar da shi kusa da shi, a sahun 'yan gida masu karɓar gaisuwa.

Darasi: Kafin ka kira mutum rago ko marar tabbas, ka bincika abin da yake ɗauke da shi wanda idonka bai gani ba. Idan kuma ka gane ka yi kuskure, kada ka tsaya a jin kunya, ka sa hannu ka taya shi ɗauka. Ku tura wa iyaye, malamai da shugabannin wurin aiki, wataƙila akwai wani Mehrab a ƙarƙashinsu da ke jiran a tambaye shi, "Me ke damunka?"