Kafofin da ke Gindin Ƙofar Mota

Dalilin da ya sa ƙofar mota take da 'yan kafofi a gindinta, inda ido ba ya kai wa sai an durƙusa, shi zan ba ku labarinsa yau, jikokina. Sai dai ku yi mini haƙuri, wani sashe na labarin ya zube mini a hanya. Sunan garin ya tafi, sunan gulbin ma ya bi shi. Na dai tuna a wata tasha na ji shi, lokacin da nake yawon neman karatu, ruwan sama ya tsare mu a rumfar wani dattijo mai sayar da goro. Fuskarsa ta ɓace mini, amma muryarsa tana nan.

Ya ce a zamanin da, mota ba ta zuwa da cikakken jiki. Inji da ƙafafu ake kawowa, sai kafintoci su ɗora bodin katako a baya, maƙera su yi gidan direba. Ƙofofin farko kuwa ba su da kafa ko ɗaya.

A garin akwai wani maƙeri mai suna Nomau. Sana'arsa liƙin bokiti da buta da garwa. Duk abin da ya sa wa dalma ya gama yoyo har abada, kuma da wannan yake alfahari. Idan mace ta kawo masa bokiti, sai ya ɗaga shi ya duba ta hasken rana, ya ce, "Huji abokin gabana ne. Inda na gan shi, nan zai kwana."

Ɗansa ɗaya ne, Sallau, kuma shi ne na fari. Matarsa Kande ba ta taɓa kiran sunan yaron ba, saboda kunyar ɗan fari. "Wannan" take cewa, ko "yaron nan". Sallau ya tashi da ciwon ƙirji. Da ruwa ya doke shi sai tari ya kwantar da shi. Ga shi kuma ya zama direba, yana jan babbar motar wani attajiri zuwa kasuwannin ƙetaren gulbi, a gidan direba marar ƙofa, wanda buhu kawai ake ratayawa.

Wata damina ya dawo jiƙe sharkaf, ya kwanta kamar ba zai tashi ba. Da ya sami sauƙi, Kande ta ce wa mijinta, "Maigida, kana toshe wa matan gari bokiti, naka na gida ruwa na cinye shi."

Maganar ta shige shi. Ya rantse ruwa ba zai sake taɓa ɗansa ba. Ya samo falankin ƙarfe, ya ƙera ƙofofi biyu masu bango biyu, da fili a tsakani inda gilashi zai riƙa sauka idan an murɗa mariƙi. A cikin filin nan ya sa sandar ƙarfe wadda ke haɗa mabuɗin ciki da sakata. Sannan ya bi gindin kowace ƙofa da dalma, ya liƙe ta ruf, yadda ya saba yi wa bokiti.

Abin da bai lura da shi ba, gilashin da ke hawa yana sauka dole a bar masa 'yar tazara. Ta nan ruwa ke silalewa ciki. Na sama yana shiga, raɓar safiya tana shiga, na wankin mota ma haka. Fita ce babu.

Da damina ta yi nisa, Sallau ya tsaya a ƙofar gida, ya kaɗa ƙofar motar, aka ji culum-culum.

"Baba," ya ce yana dariya, "ashe bokiti biyu ka rataya mini? Ko ƙishirwa ta kama ni a daji ba ni da damuwa."

"Kai ka jiƙe?"

"A'a, ko ɗigo."

"Tarin fa?"

"Ya tafi."

"To me ya rage?"

"Ka ɗan huda gindin, Baba, ruwan ya zube. Ƙofar ta yi nauyi."

Nomau ya ɓata rai. "Ni? Ni da na yi furfura ina toshe huji, yau in ɗauki ƙusa in yi shi da hannuna? Gobe a ce aikin Nomau yana yoyo a tsakiyar tasha? Ta sama ya shiga, ta sama zan tare shi."

Ya cusa tsumma a bakin gilashin, ya narka kakin zuma ya bi da shi. Sabon ruwa ya ci gaba da samun hanya kaɗan-kaɗan, tsohon kuwa ya rasa ko inda zai huce.

Rani ya zo, ƙarar ta ragu, kowa ya manta. Nan ma akwai abin da dattijon ya faɗa game da wata tafiya da Sallau ya yi kudu, amma ya kuɓuce mini. Abin da na riƙe shi ne, da wata daminar ta kewayo, gilashin ƙofofin biyu ya ƙi sauka. Mariƙin yana juyawa, ba abin da ke motsi. Bayan nan ƙofar gefen direba ta cije gaba ɗaya. Sallau ya koma shiga ta ɗaya gefen. Ana nan, ita ma ƙofar wannan gefen mabuɗinta na ciki ya saki. Daga waje tana buɗuwa lafiya, daga ciki kuwa sai dai a yi ta ja a banza.

Mutanen tasha suka mai da abin wasa. "Ranka ya daɗe, a buɗe maka?" Shi kuma ya gyara hula ya ce, "Ai girma ne ya zo. Wa ya taɓa ganin babban mutum yana buɗe wa kansa ƙofa?"

Kande ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Maigida, ka duba ƙofar yaron nan. Raina bai kwanta ba."

"Mai take so," in ji Nomau. "Ran Juma'a ba ya fita, zan sa mata."

Ranar Alhamis kasuwar ƙetare take ci. Al'adar mashigin ita ce, idan mota ta iso, fasinjoji su sauka su ratsa da ƙafa don a rage nauyi, direba ya bi su shi kaɗai. Rana tsaka ce, sama tas, ruwa bai wuce gwiwa ba. Ba wanda ya san an kwana ana tafka ruwa a duwatsun da gulbin ya fito.

Mutane suka haye. Sallau ya shigo da mota, tana tsakiya inji ya mutu. A lokacin aka ji rugugi daga sama da gulbi, kamar garken shanu a guje.

"Direba, fito! Fito, ga ruwa nan!"

Suna ganinsa ta gilashi. Ya ja mabuɗin dama, ya ja na hagu. Ya murɗa mariƙi. Ya doki gilashin da gwiwar hannu, ya koma ya sa ƙafa. Wasu fatake biyu suka faɗa ruwa don su buɗe masa daga waje, amma kafin su kai rabi ambaliya ta iso, da ƙyar aka fizgo su da rawani. Motar ta karkata, ta kwanta a kan ƙofar nan ɗaya mai buɗuwa. Ruwa ya rufe.

Sai da gulbi ya janye aka jawo motar da igiyoyi. Aka fasa gilashi aka fito da shi, aka yi masa sutura.

Bayan an watse daga zaman makoki, Nomau ya kwance ƙofofin ya kawo su tsakar gida. Ya daɗe yana kallon liƙinsa. Ko tsaga babu, aikin ya yi kyau ƙwarai. Ya ɗauki ƙusa da guduma, ya huda gindin ɗaya.

Ruwa ya tsinke, ja wur, mai wari, ba irin na gulbi ba. Ya farke bangon ciki. Sandar da ke jan sakata tsatsa ta cinye ta, ta koma kamar tsinken tsintsiya, ta katse a tsakiya.

Kande tana tsaye, jan ruwan yana bi ta ƙarƙashin ƙafafunta. Ta durƙusa ta sa hannu a ciki. "Sallau," ta ce. "Sallau." Ranar ce kaɗai aka ji sunan a bakinta.

Nomau ya riƙa gaya wa mutane daga baya cewa ruwan ya yi masa magana yana fita. Wai ya ce, "Ni wucewa na zo yi. Kai ka tsare ni. Da na zauna yunwa ta kama ni, ni kuwa ƙarfe nake ci. Ka bar mini hanya ta ƙasa, ba zan taɓa kowa ba." Ko ruwan ne ya yi magana, ko baƙin ciki ne, Allah ne masani.

Bai sake taɓa dalma ba. Ya rataya guduma da ƙusa a kafaɗa, ya bi tasha-tasha. Duk motar da ya gani sai ya durƙusa ya huda gindin ƙofarta. Direbobi suka ce ya haukace. An zage shi, an kore shi, a wani gari har duka ya sha. Ba ya cewa komai sai, "Ku bar shi ya wuce." Da damina ta zo ta tafi, aka ga ƙofofin da ya huda suna buɗuwa lafiya, waɗanda ya tsallake suna cijewa. Sai maƙera suka fara barin kafofin tun a maƙera. Ko masu ƙera mota na nesa labarinsa ne ya kai musu, ko su ma ruwa ne ya koya musu da nasu rashin, wannan ban sani ba.

Shi ya sa har yanzu ba a yin ƙofar mota babu mafitar ruwa a gindinta, kuma shi ya sa za ku ga tana ɗiga bayan an ɗauke ruwan sama.

Na daɗe ina ɗaukar labarin a matsayin hirar tasha. Sai bara, da motar da na shiga ta tsaya a garejin wani bakanike, na roƙe shi ya zuba ruwan buta a kan gilashin ƙofar. Ya zuba, na durƙusa duk da ciwon gwiwata. Ruwan ya ɓace a bakin gilashin, jim kaɗan ya fara ɗiga ta ƙasa. Na shafa da yatsa, kafofin suna nan. Ɗaya laka ta toshe ta. Na tsokane ta da tsinke, abin da ya fito ja ne.