Ranar da Manaja Ya Yi Magana a Ƙarshe

Akwai wata budurwa da ta gama jami'a, aka ɗauke ta aikin kula da ma'aikata a wani kamfanin ɗinka kayan makaranta. Teloli suka sa mata suna 'Yar Ofis.

Satinta uku da kama aiki, manaja ya kira ta. Makarantu biyu sun dawo da riguna, wai sun matse yara.

Ya ce, "Telolin nan uku na layin baya ne ke ɓata mana aiki. Ki rubuta musu takardar sallama kafin Juma'a."

Ta ce, "Yallaɓai, ka ba ni taro ɗaya tak. Amma kai za ka yi magana a ƙarshe."

Ya cire tabarau ya dube ta. "Ni? A kamfanin da nake riƙe da shi tun kina firamare?"

"Na zauna a taronka sau biyu. Da ka faɗi ra'ayinka, kowa sai ya ce haka ne. Ko cewa ka yi fanka ce ke ɗinkin, haka ne za su ce."

Ya yi tsaki, amma ya yarda.

Ranar Alhamis aka kashe kekunan ɗinki, aka kewaye teburin yanka. Telolin uku sun raɓe a jikin bango, kai a ƙasa. 'Yar Ofis ta ce kowa zai faɗi abin da yake ganin ya sa rigunan suka matse. Ta fara da dattijuwar da ke guga, wadda ba a taɓa jin muryarta a taro ba.

"Ni kuma? 'Yar nan, ni guga kawai na sani."

"Ita nake tambaya, Inna."

Inna ta saci kallon manaja. Ya buɗe baki, ya tuna alkawari, ya rufe.

Sai Inna ta ɗauko riga, ta auna, ta goge ta, ta sake aunawa. Rigar ta ragu da faɗin yatsa biyu.

Ta ce, "Tun da aka canja yadi, in ya ji zafi sai ya tsuke. Yaran nan ɗinkinsu daidai yake."

Manaja ya kasa haƙuri. "To me ya hana ki faɗa?"

"Yallaɓai, ai kai ka zaɓo yadin. Ka ce ya fi na da. Wa zai ce maka a'a?"

Wani tela ya ƙunshe dariya. Mai yanka ya samu baki, ya ce a riƙa goge yadin kafin a yanka. Wata ta ce a gwada kowane sabon bandir na yadi tukun.

Da layi ya zo kan manaja, ya ɗauki rigar ya duba. Sannan ya juya ga telolin uku.

"Ku yafe ni. Ku koma kan kekunanku."

Darasi: Sau da yawa maganin matsalar wurin aiki yana bakin wanda ba a tambaya. In kai ne babba, ka fara sauraro kafin ka yanke hukunci. Tura wa abokan aikinka, har da ogan naka in kana da ƙarfin hali.