Hedifon ɗin Abdulrashid da Kwanon Inna Kubura

Akwai wani saurayi a garin Lolo, can bakin iyakarmu da ƙasar Binin, sunansa Abdulrashid. Shi ne ɗan fari a wurin mahaifiyarsa Inna Kubura, Bafulatana ce mai tsananin kunya. Mahaifinsa ya rasu, ƙanensa Sambo yana tsallaken iyaka da shanu, ƙanwarsa kuma tana aure a Kende. Gida ya rage daga shi sai tsohuwa.

Ku da kuka tashi a irin gidajen nan kun san yadda ake yi da ɗan fari. Tunda Inna Kubura ta haife shi, sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. In tana magana da ƙannensa sai ta ce "yayanku". In da baƙi ne ta ce "yaron nan". Sambo kuwa, ko sau nawa ne za ta kira shi, har da jan sunan.

To in tana son Abdulrashid fa? Tana da wani tsohon kwanon sha da ludayin ƙarfe. Sai ta ƙwanƙwasa kwanon, shi kuma ya fito. Da wannan ta raine shi tun yana rarrafe.

Abin yana ci masa rai, ko da yake bai taɓa faɗa mata ba. Yana yaro yakan laɓe a bayan rumbu da gangan, ko za ta gaji ta kira shi da suna. Ba ta taɓa gajiya ba. Shi ne yunwa kan fito da shi.

Da ya girma sai ya sa wa ransa koyon Faransanci, don ya riƙa yi wa 'yan kasuwa tafinta idan sun tsallaka. Buri ne mai kyau, ban ga laifinsa ba. Darussan a waya suke, saurare ake yi ana maimaitawa. Matsalar ita ce gidansu yana bakin hanya. Ga manyan motoci, ga injin casar shinkafa a maƙwabta, ga janareton mai cajin waya. Da ya fara kama kalma sai wata mota ta danna hon ta tafi da ita.

Sai kuma kwanon Inna. Ta buga ya sauke mata buhu, ta buga ya duba akuya, wani lokaci ta buga don kawai ta tura masa fura. Tun yana fitowa da sauri har ya koma fitowa yana tsaki ƙasa-ƙasa. Gogan ya fara jin "bonju", gaisuwar Faransanci, sai yake ganin kowa a gidan nan bai san darajar karatu ba.

Ran kasuwar Lolo ya je rumfar wani abokinsa Sadisu, mai sayar da kayan waya. Ya ce hedifon yake so, irin wanda ake kifawa a kunne ya kashe hayaniya, amma daidai aljihun talaka.

Sadisu ya fito masa da guda biyu, kuɗinsu kusan ɗaya. Na farko mara nauyi ne, yana danne rurin inji da gurnanin mota, amma in mutum ya yi magana kusa ana ji. Na biyu kuwa kamar an kifa wa kunne murfin tukunya, soso mai kauri, in ka ƙara sauti sai duniya ta ɗauke.

Abdulrashid ya sa na farko. Hayaniyar kasuwa ta lafa, ya ji daɗi. Sai ya miƙa hannu rumfar kusa ya ari kwano da cokali, ya ba Sadisu ya ce ya buga. Sadisu ya buga yana dariya, bai san dalili ba. Ƙarar ta shiga kunnen Abdulrashid tar. Ya cire ya ajiye.

Ya sa na biyu, ya kunna darasi ya ƙure sauti. Yana kallon cokali na sauka a kan kwano, ba ya jin komai. Ya ce shi ke nan, wannan ne.

A nan Sadisu ya gane inda aka dosa, dariyar ta tsaya. Ya ce, "Abokina, wanga na mai zaman kaɗaici ne. Kai da kake gida da tsohuwa, ɗauki na hwarko."

Abdulrashid ya ce, "Tsohuwar ce ma tas sa nika son shi."

Ya biya ya tafi.

Gaskiya hedifon ya yi aikinsa, ba a cuce shi ba. Cikin ɗan lokaci bakinsa ya fara faɗawa, har yana taya masu sayen shinkafa ciniki da baƙi. Inna Kubura kuwa ta buga kwano ranar farko, shiru. Ta sake bugawa, shiru. Ta leƙa ta gan shi zaune da wani abu a kansa yana magana shi kaɗai. Ta je ta ja buhunta da kanta.

Maƙwabciyarsu Barira ta ce mata ai sai ta yi masa faɗa. Inna ta ce karatu yake, a ƙyale shi. Daga nan ta rage bugun kwanon. Shi kuma gogan naku ya ɗauka an sami zaman lafiya.

Da ma Inna tana fama da hawan jini, kuma ya sani. Shi ke sayo mata magani.

Wata ranar kasuwa, unguwa ta watse kowa ya tafi ciniki. Bayan azahar Abdulrashid ya shiga ɗaki ya turo ƙofa, ya kifa abinsa a kunne. Inna tana tsakar gida tana juya shinkafar da ta shanya. Jiri ya ɗebe ta, ta faɗi kusa da murhu, ɓarin jikinta na dama ya ƙi motsi.

Kwanon yana kusa. Ta ja jiki ta kai hannun hagu ta kama ludayi, ta buga. Ta yi ta bugawa. Tsakaninta da ƙofar ɗakin ɗanta bai fi tsawon tabarma ba.

Sai bayan la'asar Barira ta dawo daga kasuwa. Tana sauke kaya ta ji wata murya siririya ta bayan katanga tana kiran suna. Ta tsaya tana tunanin wace baƙuwa ce ta shiga gidan, don muryar ta Inna ce, amma sunan ba na bakin Inna ba ne. Da ta gane, ko takalmi ba ta tsaya sawa ba.

Ita ta banka ƙofar ta fizge hedifon ɗin daga kansa. Ya ɗago zai yi masifa, sai ya hango mahaifiyarsa kwance a rana, shinkafa ta manne mata a kumatu.

Aka samo mota aka kai ta asibiti a Bagudo. Likita ya duba ta, ya tambayi tun yaushe ta faɗi. Abdulrashid ya ce bai sani ba. Likitan ya ce irin wannan ciwo da sauri ake tarar sa, amma za su yi iya ƙoƙarinsu.

Ta rayu. Amma ɓarin jikin bai dawo ba, magana kuma ta tafi gaba ɗaya.

Suna zaune a barandar asibiti, Barira ta daɗe tana kallonsa. Ta so ta bar abin a cikinta, ta kasa.

Ta ce, "Ɗana, ka san mi na ji da na shigo?"

Ya ce kwano.

Ta ce, "Kwano ya riga ya kuɓuce mata. Sunanka ta ke kira. Abdulrashid, Abdulrashid. Tun da anka kawo ta garin ga amarya nike tare da ita, ban taɓa jin shi bakinta ba sai yau."

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku kukan da yaron nan ya yi ba. Abin da ya laɓe bayan rumbu yana jira tun yana ƙarami, an ba shi, a bakin ƙofarsa, shi kuma yana ciki yana maimaita yadda ake tambayar kuɗin albasa da Faransanci.

Ya shiga ya durƙusa a bakin gadonta ya ce, "Inna, ga ni. Ki sake hwaɗi, ina ji." Ta dube shi, leɓenta ya motsa, ba abin da ya fito. Sai ta kawar da kai gefe, kamar yadda ta saba yi in ya zo kusa da ita a gaban mutane.

Da suka dawo gida ya tarar da kwanon a inda ya gangara, gefensa duk ya lotsa. Ya wanke shi ya ajiye mata a hannun hagu tare da ludayin. Hedifon ɗin ya mayar wa Sadisu. Sadisu ya miƙo masa na farkon, Abdulrashid ya girgiza kai.

Yanzu yana aikin tafinta, amma ba ya kwana a tsallake ko za a ba shi me. Ƙofar ɗakinsa a buɗe take. Motoci na wucewa, injin shinkafa na ruri, shi kuma kunnensa na wuri ɗaya. Ko ludayi ne ya zame ya taɓa kwanon bisa kuskure, kafin ƙarar ta mutu ya iso. Wani lokaci ba abin da take so. Sai ya zauna kusa da ita ya yi ta kallon bakinta.

Darasi: Ba laifi ba ne ka nemi abin da zai rage maka hayaniya, amma kafin ka toshe kunne, duba wa ke gida da kai. Kiran iyaye ba hayaniya ba ne, ko da kwano suke yin sa, kuma akwai kiran da sau ɗaya ake yi a rayuwa. In mahaifanka na raye, cire abin da ke kunnenka ka je ka gaishe su yanzu. Sannan ka tura wa 'yan uwa wannan labari, wataƙila akwai wanda ake ƙwanƙwasa masa kwano bai ji ba.