Zaren da Ke Cikin Kafireto

An ce wai a wani gari an yi wani malamin dabbobi, Barau sunansa, wanda ya gaji tsohon babur daga mahaifinsa, da shi yake zaga rugage. Mutum ne mai riƙon ibada, sai dai Allah Ya jarrabe shi da yawan zato.

Ana nan babur ya soma tari, da an murɗa totur sai ya shaƙe ya mutu. Sau uku Barau yana kai shi rumfar wani makanike mai suna Tanimu, sau uku Tanimu yana wanke kafireto babur ya tashi, bayan kwana biyu ciwo ya dawo. Sai Barau ya tuna cewa Tanimu ya taɓa taya babur ɗin. Ya kai ƙara gaban alƙalin garin, Malam Zayyanu. Dattawan kasuwa kuma suka ce in laifi ya tabbata, Tanimu ya bar rumfarsa har abada.

Barau ya ce, "Allah gafarta Malam, da gangan yake cusa wani abu a ciki, don in gaji in sayar masa da gadon ubana."

Tanimu ya ce, "Na taya, ban musa ba. Amma wallahi kullum na buɗe, datti nake tararwa, ban san mafitarsa ba."

"Kai ne mafitarsa!" in ji Barau.

Alƙali ya sa aka shigo da babur, aka kawo farin faranti. Ya umarci Tanimu ya kwance kafireto a idon jama'a. Tanimu ya cire kwanon ƙasa, ya zaro ɗan bututun da mai ke bi, wanda hudarsa ba ta fi ta allura ba. Ya busa, iska ba ta wuce ba. Da ya tsokane ta da siririyar waya, sai wani ɗan curin zare shuɗi ya faɗo bisa faranti. Alƙali ya daɗe yana dubansa. Aka wanke tanki, aka mayar da kome wurinsa.

Sa'an nan alƙali ya ce, "Malam Barau, tun da ba ka amince da hannun kowa ba, kada kowa ya taɓa. Ga fetur a kwalba, zuba da kanka, yadda ka saba."

Barau ya ce, "Ai ni ba na zuba man 'yan bumburutu haka nan. Duk macuta ne, har yashi suke haɗawa."

Ya sa hannu aljihu ya fito da wani tsohon ƙyalle na rini, ya shimfiɗa a bakin tanki zai tace.

Alƙali ya ce, "Dakata. Wannan fa?"

"Guntun rawanin marigayi ne. Wata biyu ke nan ina tacewa da shi, don tsabta da neman albarka."

"Babur kuma yaushe ya fara tari?"

Barau ya ƙirga da yatsu, ya ce, "Wata biyu ke nan."

Alƙali ya karɓi ƙyallen, ya tace fetur kaɗan a kan farantin. Ga zarurruka shuɗɗa suna yawo a kai, irin wanda aka ciro sak.

Ya ce, "Ka zargi mai fetur, ka zargi makanike, saura kaɗan ka raba bawan Allah da abincin iyalinsa. Abu ɗaya ne ba ka taɓa tuhuma ba, shi ne wanda ke aljihunka. Rawanin mahaifinka abin girmamawa ne, ka adana shi a akwati, ka bi mai shi da addu'a. Hukuncina, ka tsaya a bakin rumfar Tanimu ranar kasuwa, ka wanke shi da bakin da ka ɓata shi."

Barau ya sunkuya ya ce, "Tanimu, ka yafe mini don Allah."

Tanimu ya ce, "Na yafe, Malam. Amma in ka tashi sayarwa, har yanzu ina so."

Aka yi dariya, har alƙali ya murmusa. Aka zuba fetur ba tare da ƙyallen ba, Tanimu ya buga babur sau ɗaya, ya tashi.

To, ya kai mai sauraro, wanda ke tace mutane da zato, ya fara duba matacinsa, domin sau da yawa daga nan dattin ke zubowa. Allah Ya tsarkake zukatanmu, amin.