Sunan da Ke Bakin Rijiya

An ce wani sarki ya kafa hukuma domin raya yankin gabas na ƙasarsa, inda mata ke tafiyar rabin yini da goyo kafin su cika tulu ɗaya. Ya ɗora wani dattijo mai suna Malam Jatau a kanta. Cikin shekara bakwai aka haƙa rijiyoyi, kasuwanni suka ci, marinai suka buɗe.

To, al'adar mutanen gabas, rijiya sunan wanda ya tsaya a kanta take ɗauka. Sarki ya fita rangadi, ya nemi ruwa, aka ce, "Na rijiyar Jatau ne." Gari na gaba ma haka. Har wata mata ya ji tana rarrashin ɗanta da sunan. Umarni nasa, dukiya tasa, suna kuwa na wani?

Da ya komo sai ya rushe hukumar, ya sallami masu haƙa, ya sa aka yi shela kowace rijiya ta zama rijiyar Sarki. Sannan ya kira Jatau ya yi bayanin aikinsa, da niyyar ko laifi ƙanƙane ya samu ya ɗaure shi.

Sarki ya ce, "Me ka ci a aikin nan, tsoho?"

"Ya sarki, zagi na ci, har na ƙoshi."

"Da kunnena na ji sunanka gari-gari."

"Allah ya ja zamaninka, ran da aka sha ka je, ba ka je ran da rijiya ta ƙafe ba. Uku sun rufta saboda gaggawata, su ma sunana ne a kansu. In ɗauri ne, a kan waɗannan ya kamata."

Sarki ya fasa ɗaure shi. Ya ce, "To, na sauke maka sunan."

"Na gode, ya sarki. A riƙe da hannu biyu, yana da nauyi."

Bazara ta yi tsanani, ba mai yasa, rijiyoyi suka cike da laka. Wata safiya sarki ya fito ya tarar mata sun cika ƙofar fada, tuluna a kife, yara leɓe ya bushe.

Ya ce, "Wa ya turo ku?"

Wata tsohuwa ta ajiye igiya a gabansa. "Suna ya kawo mu, ranka ya daɗe. Mun je wa Jatau, ya ce yanzu shi ma mai jan guga ne kamarmu. Mu kuwa a wajenmu, mai suna shi ke yashe rijiya. Yaushe za ka shiga?"

Sarki ya dubi igiya, ya dubi yaran, ya sunkuyar da kai. Ya aika aka kira Jatau, ya ce ya tara mutanensa, ya fara da ukun da suka rufta.

"Sunan fa, ya sarki?"

"Bar shi a kaina. Ashe adalci shi ne, wanda aka kira ran yabo, shi zai amsa ran ƙishirwa."